Yatsun Inna a Bango

A da, idan za a gyara gida a unguwarmu, ba a kiran kowa daga waje. Azumi na matsowa mata za su aika a sayo farar ƙasa, a jiƙa ta a tsohuwar tukunya, a ɗaura tsumma a bakin sanda, a shafe ɗakuna ana hira ana tsokanar juna. Wadda ta shafa bango ita ce mai kwana a gindinsa, saboda haka ta san inda za ta bi a hankali. Yanzu kuwa abin ya zama sana'a mai zaman kanta. Akwai shago, akwai allo a ƙofar shagon, akwai waya cike da hotunan gidajen mutane. Mai sana'ar zai shigo gidan da aka haife ka ya dube shi kamar yadda likita ke duban majiyyaci.

Cinikin fatu ya kai ni wurare da dama a ƙuruciyata. Na zauna a Damagaram da Agadas, na yi shekaru a Khartum, na je Fas da Jidda ba sau ɗaya ba. A can na tsinci Larabci da Faransanci, na haɗa da Turancin makaranta da Fulatancin mahaifiyata. Da na dawo Bauchi na zauna gaba ɗaya, sai na rushe yawancin gidanmu na gado na sake shi da bulo. Ɗaki ɗaya na bari, ɗakin mahaifiyata da muke kira Inna. Ginin ƙasa ne, na dai yi masa rufin kwano.

Dalilin barinsa bango ɗaya ne, na gabas. Inna ce ta yi yaɓensa da hannunta. Tun ƙasar tana ɗanya ta riƙa jan yatsunta huɗu a kai, layi bisa layi, a lanƙwashe kamar kunyoyin gona, tun daga ƙasa har iyakar inda hannunta ya kai. Gajeriya ce, don haka zanen ya tsaya daidai kafaɗata. Ƙaramin yatsanta ya taɓa karyewa a bakin turmi bai koma daidai ba, shi ya sa a kowane jeri layi uku suna da zurfi, na huɗu kuwa da ƙyar ake ganinsa. Ba mu da hotonta. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Bayan la'asar nakan shimfiɗa buzuna a ɗakin, wani lokaci ina karatu sai in ga hannuna ya kai kansa cikin layukan.

Bara, ana gab da azumi, matata Hajiya ta fara ƙorafi.

"Alhaji, gidan nan ya koma kamar tsohon ofishin en'e. Jikokinka ma kunyar kawo abokansu suke."

Na ce a sayo farar ƙasa.

"Wa zai shafa? Ni da wannan gwiwar? Ko kai?"

Haka aka yi na je Gwallaga wurin wani mai fenti da maƙwabcina ya yaba mini. Matashi ne mai fara'a da ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce a Abuja ya koyi aiki. Washegari ya zo ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa yana girgiza kai. Na ce masa fari nake so.

"Baba, fari wane iri? Akwai farin madara, akwai farin ƙwai, akwai farin ƙashi."

"Farin da ka sani tun kana yaro."

"Baba, wannan ai an daina. Sai asibiti."

Na kai shi ɗakin Inna na nuna masa bangon gabas. Na gaya masa wanda ya yi shi, na ɗora yatsuna a kan layukan don ya gani. Na ce ya yi wa ƙofa da taga fenti ta waje, amma cikin ɗakin nan ba ya cikin aikinsa.

Ya shafa bangon da tafin hannu. "Allah ya jiƙan Kaka. Amma Baba, bangon ba shi da lebur. Da za ka bari in yi masa sikiridin, wallahi kamar gilashi zai koma."

Na tambaye shi mene ne sikiridin. Ya ce wani farin kwaɓi ne da ake shafe bango da shi a cike duk wani rami, a goge da samfefa ya yi sumul kafin a sa fenti. Na ce to, ramukan nan su nake so. Ya yi dariya irin wadda ake yi wa tsoho, ya ce, "An gama, Baba."

Aiki ya fara da fitar da kaya. Kujeru, katifu, kabad ɗin Hajiya da kwanukanta, duk aka jibge a tsakar gida cikin rana. Ya kankare falo da ɗakuna biyu, ƙura ta shiga har cikin tulu, sannan ya ɓace. In na kira shi sai ya ce, "Ga ni nan a hanya, Baba." Ashe ya karɓi wani aikin a wajen Shadawanka, gidan wani babban soja, kuma kowa ya san tsakanin soja da tsohon ɗan kasuwa wanda za a bari ya jira. Ni da kaina na hau keke na je kasuwar Muda Lawal na sayo leda na rufe kayan, don kaji sun fara kwana a kan kujeru.

A Fas na taɓa ganin mai fenti ya zo da ɗan gwangwani, ya shafa wuri kamar tafin hannu, ya tafi, ya dawo bayan ya bushe don maigida ya gani da safe ya gani da yamma kafin ya yanke shawara. Nawa kuwa da ya dawo, bokitai ya sauke daga mota ya buɗe. Ruwan toka ne.

"Wannan ne farin?"

"Baba, shi ake yayi. In ya bushe zai yi haske."

Bai yi haske ba. Hajiya tana tsaye a bakin madafa ta ce, "Kai da ka zaga duniya da harsuna huɗu, ga shi fari ya gagare ka da Hausa."

Na haƙura da ruwan tokar. Na haƙura da ɗigon fenti a kan tayil, da a kan butata, da a kan mitar wuta. Na haƙura da waƙar da yake kunnawa a waya tun safe. Duk abin da ya ɓata a bulo ana iya sakewa, haka na riƙa gaya wa kaina. Kullum kafin in fita masallaci sai na duba kwaɗon ɗakin Inna, makullin kuma yana aljihuna.

Ana cikin haka aka aiko mini da rasuwar wani tsohon abokin cinikina, Kirista ne mutumin Bogoro, mun yi shekaru muna tafiye-tafiye tare. Dole in je jana'iza in gai da iyalinsa, kuma tafiyar ta kwana ce. Na bar wa Hajiya makullan gida duka a ɗaure wuri ɗaya, na ce mata ɗakin Inna kada a buɗe.

Da na dawo, mai fenti ne ya tarye ni tun daga ƙofar gida. Ya karɓi jakata yana murmushi.

"Baba, sannu da hanya, ya haƙuri? Zo ka ga wani abu. Rufe idonka."

Ban rufe ba. Ƙofar ɗakin Inna a buɗe take. Na shiga. Bango huɗu sumul, ruwan toka, suna ƙyalli. Na je bangon gabas na ɗora hannuna. Sanyi kawai na ji, kamar na taɓa jikin firiji.

"Kyauta na yi maka, Baba," in ji shi daga bayana. "Ragowar kaya ne, na ce ba zan bar gida mai kyau haka da ɗaki ɗaya kamar rumbu ba. In wani ya gani sai ya ce ni ne ban iya aiki ba."

"Me na ce maka a kan ɗakin nan?"

"Ka ce a bar shi. Amma na san don kada a ƙara maka nauyi ne. Tsofaffi haka kuke, sai an yi sannan ku ce madalla."

Na juya wajen Hajiya. Ta tafa hannu.

"Ni taga ya ce mini! Ya ce ƙarfen taga ba ya fentuwa sai ta ciki. Na ba shi makulli na tafi gidan suna. Ina dawowa na tarar har ya shafe."

Na yi faɗa a kasuwannin ƙasashe da yawa, na san yadda ake ɗaga murya da Larabci, na san yadda ake yanka mutum da Faransanci ba tare da an zage shi ba. Ranar nan ban yi ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai fentin ba mugu ba ne. Yana tsaye yana jiran godiya. Har ya riga ya ɗauki hoton ɗakin ya sa a wayarsa cikin ayyukansa. Na ce ya nuna mini hoton yadda ɗakin yake kafin ya taɓa shi. Ya ce bai ɗauka ba, ai ba a ɗaukar wannan.

Na ce ya cire abin da ya shafa. Ya ga fuskata, murmushin ya tafi. Ya ɗauko ƙarfen kankara ya sa a kusurwa ta ƙasa. Kwaɓin ya ɓanɓaro, amma da fuskar yaɓen ya taho, ya bar jar ƙasa tsirara. Sai a lokacin ya gaya mini cewa kafin ya shafa sai da ya sassabe tudun layukan don kwaɓin ya zauna. Na riƙe hannunsa na ce ya isa.

"Baba, ka yafe mini. Zan iya zana maka irinsa a kai, da burushi. Har ya fi na da kyau."

Na ce ya tattara bokitansa.

Na yi ta lallashin kaina cewa ko ba komai ramukan suna nan a ƙarƙashi, an dai rufe su ne. A Damagaram na ga masu gyaran tsofaffin gine-gine suna kankare siminti a hankali su fito da zanen da ke ƙasa. Na ce bayan salla zan nemi irinsu. Na yi tambaya, ban samu wanda ya san aikin a kusa ba, har damina ta sauka.

Ginin ƙasa yana shan danshi ya fitar, farar ƙasa ba ta hana shi. Wannan kwaɓi da fentin mai sun toshe shi. Da ruwa ya yi nisa sai bangon gabas ya fara kumbura daga ƙasa. Wata safiya muna karyawa muka ji faɗuwar abu. Na je na tarar da faffaɗan ɓawo ya zube a kan buzuna. Na ɗaga wani ɓari na juya shi. A bayansa ga layukan nan sun fito a juye, uku manya, ɗaya siriri. Ina ƙoƙarin kai shi inuwa ya marmashe a hannuna.

Magini ya zo ya duba ya ce bangon ya sha ruwa har ciki, barinsa haɗari ne ga yara. Bayan damina aka rushe shi aka tayar da na bulo. Ni na jiƙa farar ƙasa na shafa shi da kaina, Hajiya tana riƙe mini bokiti. Ɗakin yana nan, har yanzu ina zama a ciki bayan la'asar. Amma babu sauran wani abu a gidan nan da hannun Inna ya taɓa.