Tazargaden Gwaggo

Jiya jikata ta kawo mini busasshen hure daga Tawa, wai labanda, mai kwantar da rai. Ina shaƙa, sai na tuna marigayiya gwaggota da tazargadenta ƙulle a bakin zane.

Ran da ƙanena ya ci mini iyakar gona a Barmu, na taho in tsine masa gaban jama'a. Gwaggo ta tare ni bakin zaure, ta murje ganyen a tahinta, ta ruhe mini hanci.

"Shaƙa sau ukku, ɗiyata, kana ki yi magana."

Wani sanyi mai ɗaci ya sauka har ƙirjina. Ni da ba a tanƙwarawa, na nemi tsinuwar na rasa! Har gobe ƙanen nan shina cin tuwona.

Allah shi sanyaya makwancinta.