Motar da Malam Maazou Ya Ƙi Buɗewa

Da wuya ka ga Malam Maazou a zaune. Ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan matakin kamiyo, babbar motarsa ta kaya, ido a sama yana duba ko za a yi ruwa. Da ya idar da sallar asuba sai ya sauko daga dogon benensu na unguwar Minguettes da ke gefen birnin Lyon, ya nufi garejin da ke bayan masana'antun Vénissieux, ya zagaya kamiyonsa mai shimfiɗaɗɗen baya, ya daddanna tayoyi, ya ja igiyoyin ɗauri ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sake zagayawa kamar wani ya taɓa su a bayan idonsa. Matarsa, Hajiya Mardiya, ta daɗe da haƙura. Ta ce ko gidan suna suka je, kafin a fito da abinci ya miƙe ya tafi duba inda ya ajiye mota.

Aikinsa dakon motoci ne tsakanin Lyon da Paris, amma ba kowace mota ba. Tsofaffin motocin Amurka yake ɗauka, na shekarun hamsin da farkon sittin, waɗanda masu su ba sa yarda su taka babbar hanya da ƙafafunsu. Dogaye ne, masu faɗi, gabansu cike da ƙarfe mai ƙyalli, gilashin gaba ya lanƙwaso har gefe, taya da farin zobe, fenti kala biyu, sannan ga fikafikan nan na baya da suka sa in ka ga ɗaya sau ɗaya ba ka sake mantawa. Ya kai wannan wurin baje koli, ya kai waccan gidan wanda ya saya. Sama da shekara talatin yana wannan zirga-zirga, ba wadda ta taɓa ƙwarzanewa a hannunsa. Shi kuwa ko ɗaya bai mallaka ba, kuma iyakar tuƙin da ya yi musu daga ƙasa ne zuwa bayan kamiyo.

Tun a Maraɗi abin ya shige shi. Akwai wata irin motar da wani attajirin gyaɗa ya yar a bayan katanga, tayoyinta sun nutse a rairayi, kaji na ƙwai a kujerar baya. Maazou ya ce ranar da ya fara bin fiffikenta da yatsa ya gane cewa ashe mutum kan zauna ya ƙera abu don kyau kawai.

Ga inda ya bambanta da sauran direbobi. Duk motar da zai ɗauka, kafin ya ɗaure ta sai ya dubi mai ita ya ce, "Monsieur, ka yarda in nuna ta ga mutanen unguwarmu?" Wasu su yi dariya su ce to. Wasu su haɗe rai su ce a'a, shi ke nan, ya rufe ta da rigarta ya wuce ba tsayawa. In an yarda kuwa, sai ya ratse ta Minguettes, ko ta unguwar Saint-Denis in yana Paris, ya tsaya a filin da ke gaban benaye. Tagogi su buɗe, mutane su sauko da takalman wanka. Doka ɗaya ce, ba a taɓawa. Amma a kalla har a ƙoshi, shi kuma yana zagayawa yana nuni da tsinken sakace.

"Ku duba nan. Fiffiken wagga tsaye yake, kamar kunnen zomo, Cadillac ke nan. Ku duba fitilun baya. Mi kuka gani? Kada ku ce mini jar mota, kowa ya ga ja. Ku hwaɗa mini mi mai zanen yake nufi."

Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Abin da ya dame shi kawai, a ce abu mai kyau haka ya ratsa ta bayan gidajensu a lulluɓe, ya tafi inda sai da tikiti ake shiga. Yanis, ɗan unguwar wanda yanzu yake lodi a wani sito, ya ce a wannan fili ya fara jin wani babba ya tambaye shi mene ne ra'ayinsa. Afra, mai tuƙa taragon lantarkin da ke ratsa unguwar, ta ce tun tana firamare Tonton Maazou, wato Kawu Maazou, ya hana ta cewa "yana da kyau" sai ta faɗi inda kyan yake. Masu motocin suna da hotuna a mujallu da kofuna a falo. Wanda ya yi ta jigilar su cikin ruwa da ƙanƙara kuwa, ko sunansa ba su iya faɗa daidai ba, kuma wannan abu yana ba mutum haushi.

Malam Maazou, kai ne direban da kaya ba ya kuka a hannunsa. Kai ne ka mayar da filin ajiye motoci makaranta, ba allo ba bulala.

A bana likita ya duba idonsa na hagu ya ce ba za a sabunta masa izinin tuƙa babbar mota ba. Saura tafiya ɗaya: ya ɗauko wata mota daga Paris ya kai ta baje koli a Lyon. Hajiya Mardiya, wadda magana ba ta kwana a bakinta, ta bi unguwa ta shaida wa kowa cewa ranar Asabar Malam zai kawo ta ƙarshe. Ta soya fanke, maƙwabta suka yi alkawarin kujeru.

A Paris ya tarar da motar an riga an sa mata riga, irin mai kama jiki. Mai ita dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaranta, kuma burinsa shi da kansa zai yaye rigar a gaban jama'a ranar baje koli. Maazou ya yi tambayarsa ta kullum. Dattijon ya ce, "Tsaya duk inda kake so, abokina. Amma rigar nan kada a ɗaga ta, ko da kusurwa ɗaya."

Hanyar nan da ya sani kamar tafin hannunsa ba ta taɓa yi masa tsawo irin na ranar ba. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya tsaya ya duba igiyoyi, lafiyarsu lau, ya yi gaba kaɗan ya sake tsayawa. Ya ɗauki waya zai ce wa Hajiya ta sallami mutane, ya ajiye. In ya buɗe, ya ci amanar da ya riƙe tsawon aikinsa, a ranar ƙarshe. In bai buɗe ba, mutanen da suka yi shekaru suna saukowa dominsa za su tsaya suna kallon ƙyalle. Ya yi tunanin ya zarce kawai ya ce hanya ce ta cushe, sai kunya ta kama shi tun bai faɗa ba.

Da la'asar ya shigo unguwa. Filin ya cika, har da waɗanda suka tashi daga unguwar suka dawo da 'ya'yansu. Aka yi tafi. Ya sauko, aka gaisa a gurguje, ya tsaya yana murza hularsa.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Mai ita bai yarda ba. Ba ni buɗe ta."

Malam Salmanu, maƙwabcinsa na shekaru, ya matso ya rage murya. "Haba Maazou. Ɗan gefe kaɗai. Mutumen yana Paris, wa zai gaya mishi?"

"Ni na sani, Malam. Ya ishe."

Wasu suka fara naɗe kujeru. Maazou ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ga Afra, da kayan aikinta a jiki, ta ratso ta tsaya a bayan kamiyon, ta karkata kai.

"Attends, dakata, Tonton. Fikafikan nan kwance suke, ba tsaye ba. Donc, ke nan ba Cadillac ba ce."

"Buick ce," in ji Yanis. "Cinquante-neuf, ta hamsin da tara. Dubi faɗin bayan."

Afra ta ce, "Kai, ina! Na Buick a karkace suke tashi tun daga ƙofa. Waɗannan sun baje, sun sauko tsakiya kamar gira. Chevrolet ce, wallahi."

"To ta wace shekara?" wata uwa mai goyo ta jefo daga baya. "Ta sittin ma haka take."

Afra ta amsa, "A'a, ta sittin ƙarshenta a miƙe yake. Ki duba yadda rigar ta lotsa a nan."

Waɗanda suka naɗe kujeru suka ajiye. Aka kewaye kamiyon, kowa na nuni da yatsa daga nesa, ba wanda ya taɓa. Aka yi gardama a kan rufin, aka yi a kan tsawon hancin, har Malam Salmanu ya manta da shawararsa ya shiga ciki da ƙarfinsa. Maazou yana jin kalmominsa na shekara da shekaru suna fitowa daga bakunan mutanen da ya sani tun suna rarrafe. Da Afra ta juyo ta ce, "Tonton, Chevrolet Impala ce, cinquante-neuf, ko ba haka ba?" sai ya gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa. Hajiya Mardiya ta tura masa fanke a hannu ta ce ya ci, kada ya ba ta kunya a gaban mutane.

Kafin magariba ya miƙa motar a wurin baje koli, rigarta yadda aka sa ta a Paris. Ya mayar da kamiyo gareji, ya ba da makulli, ya hau taragon unguwa ya koma gida a matsayin fasinja.

Mun gode, Malam Maazou. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan lafiya, ya ba Hajiya haƙurin zama da kai yanzu da za ka wuni a gida kana buɗe taga kana rufewa. Ku kuma da abin kirki ke ratsawa ta hannunku a wurin aiki, ko naku ne ko ba naku ba, ku nemi izini ku nuna wa na kusa da ku, in an hana ku kuma ku riƙe amana. Mutumin nan bai taɓa mallakar ko madubin ɗaya daga cikin motocin ba, amma ya bar unguwa guda da ta iya gane su ko a lulluɓe.