Sabulu a Giyabos ɗin Jirgin Alhaji Gide

Duk direban da ya bi ta Sheme a shekarun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa ya san Almu makanike. Gajere ne, baki kamar reza, amma hannunsa na da albarka. Maraya ya tashi. Yayarsa Barakatu, mai sayar da man gyaɗa a tsallaken gulbi wajen Tafoki, ita ta goya shi, ita ta kai shi gareji da hannunta.

To, a lokacin kowa ya samu sai ya sayi babur ko rediyo. Alhaji Gide kuwa, da yake shi ba ya yin abin da mutane ke yi, jirgin ruwa ya sayo daga Yawuri, na katako, mai inji a ciki, don ya riƙa tsallakar da 'yan kasuwa in gulbi ya kawo da damina. Giyabos ɗin, wato akwatin da ke kai ƙarfin inji ga farfela, tsoho ne da aka kwance aka sake haɗawa. Almu aka kira ya ɗaura.

Almu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma ya ce ƙarfe ai ƙarfe ne. Ya daidaita giyabos da sandar farfela, ya ɗaure notuna, ya zuba mai. Jirgi ya yi sati yana aiki lafiya lau, Almu na zuwa duba shi kowace safiya.

Ranar jajibirin kasuwa ya ga mai na ɗiga ta wata 'yar tsaga a gindin akwatin, dab da inda sanda ke juyawa. Ya ce a kai Funtuwa a yi walda.

"Gobe kasuwa hwa, Almu," in ji Alhaji Gide. "Yi mana dabararku ta gareji mana."

Dabarar kuwa kowane makaniken mota ya san ta: a murza sabulu ya yi laushi a danna a tsaga. Almu ya toshe tankunan motoci da shi ba adadi, sun je Gusau sun dawo. Ya danna, ɗiga ta tsaya. Wallahi ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa cikin jirgi kullum da ruwa kwance ba.

Da safe gulbi ya cika maƙil, ruwa ja wur. Almu na cikin jirgi, suka tsallaka suka ɗebo mutane: mata da ƙwarya, dattawa da awaki, ga Barakatu da garwar manta. Nata'ala matuƙi ya juyo da jirgi.

Suna tsakiya inji ya ɗau kururuwa, jirgi kuwa ya daina gaba. Almu ya leƙa. Ruwan da ke ƙasa ya yi kumfa, mai na yawo a kai. Sabulu ya narke, mai ya tsiyaye, giya ta saki.

"Almu, mi ya faru?" Nata'ala ya ɗaga murya. "Ruwa na jan mu wajen duwatsu!"

Kowa ya san duwatsun nan, ko saniya ta faɗa can ba a samunta da rai. Mata suka ɗau salati. A mota sai a ce a sauka a tura. Nan fa?

"Yaya!" Almu ya kira. "Kawo garwar nan!"

Barakatu ta ɗauko garwar. Ta tsallake awaki ta durƙusa gefensa, ya buɗe mata murfin giyabos. Ta fara zubawa, man na fita ta ƙasa yadda yake shiga. Almu ya duba tsumma, ya duba itace, babu abin da zai zauna a tsagar nan. Sai ya kwanta rub da ciki ya cusa hannun dama, ya danne ta da babban yatsa.

Ƙarfen ya yi zafi kamar tanda. Ya cije leɓe.

"Zuba, Yaya! Nata'ala, sa giya!"

Giya ta kama. Sanda ta fara juyawa tana cin gefen yatsan. Barakatu ta ga jini cikin ruwa.

"Almu, cire hannunka!"

"In na cire mun tahi duka. Zuba!"

Ta ci gaba da zubawa, hawaye na bin fuskarta. Jirgi ya riƙa jan jiki a karkace, ƙarar ruwa kan duwatsu na ƙara matsowa, har fesawar na taɓa su. Can sai suka ji katako ya gurji yashi. Mutane suka dira suna hamdala, ba a rasa ko akuya ba.

Almu bai iya zare hannun da kansa ba, sai Barakatu ce ta janyo shi, ta naɗe da ɗankwalinta. A asibiti aka yanke abin da ya rage na yatsan, sauran yatsun kuma suka ƙage.

Ya yi jinya a gidanta har kaka. Ranar da aka kwance ƙyalle ya sa aka kawo akwatin kayan aikinsa. Ya ɗauki sifana, ta sulluɓe ta faɗi. Ya sake ɗauka, ta sake faɗi. Barakatu ta sunkuya ta tsince ta, ta goge da bakin zane, ta mayar cikin akwatin ta rufe.

"Taso ka ci tuwo, ƙanena," in ji ta, ta miƙa masa cokali a hannun hagu.