Likitan da Ya Yi Zubi Bai Kwasa Ba

Ko ni na so in manta ranar da na gudu daga hannun likita da zare yana reto a yatsana, hannuna na dama ba zai bari ba. Duk sanda na zauna tahiya na ɗaga manuniya, rabinta nake gani, sai in tuna.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin fata a Challawa, a kan injin da ke kankare nama daga jikin fata. Wata safiya na tura fata, injin ya karɓa har da yatsana. Bai cire shi ba, tsaga shi ya yi tun daga farce. Abokin aikina, wani mutumin Filato da muke cin abinci kwano ɗaya, shi ya naɗe min hannun da rigarsa ya kai ni ɗakin magani na kamfani.

Muka tarar da sabon likita, dattijo mai fara'a, wanda aka ce ya daɗe yana aiki a Amurka. Ya yi min allurar kashe zafi ya fara ɗinki. Don in ɗauke hankalina daga jinin sai na ce, "Likita, kowa na neman hanyar tafiya, ku kuma kun dawo. Lafiya?"

Ya yi dariya. "Malam, inshora ce ta gajiyar da ni. A can likita yana biyan kuɗi duk shekara saboda ranar da zai yi kuskure a jikin mara lafiya. In aka kai shi kotu, masu inshora ne za su biya diyya."

Yana jan zare yana ba mu labari. Wai a Ingila gwamnati ce ke tsaya wa likitocin asibitinta. A Amurka kuwa, masu tiyata da masu karɓar haihuwa, abin da suke biya sai ya gina gida a Hotoro.

Abokina ya matso. "Ranka ya daɗe, shekara da shekaru kana biya?"

"Ƙwarai."

"To ka yi kuskuren?"

"Alhamdu lillahi, ba a taɓa kai ni ƙara ba."

"Sun dawo maka da kuɗinka?"

"Ina!"

Likita ya juya zai ɗauko auduga, abokina ya sa baki a kunnena. "Ɗan'uwa, ka ji? Adashi ne fa. Mutumin nan ya yi ta zubi bai kwasa ba."

Ni bokona bai yi nisa ba, amma adashi na san shi. Ba mai yin zubi don Allah, duk wanda ya zuba ranar kwasarsa na tafe. Kuskuren nan an riga an biya kuɗinsa, yana nan a ajiye yana jiran mai rabo, ga kuma hannuna shimfiɗe a kan tebur. Wallahi a lokacin ban taɓa jin magana mai hankali irin wannan ba.

Na miƙe na fita da gudu, an ɗinke rabi, zare da allura suna lilo. Likita ya biyo ni har bakin get yana cewa, "Malam, ko allurata ka ba ni mana!" Ban waiga ba.

Keke ya sauke ni da abokina a Panshekara wurin mai kemis na unguwarmu. Kafin ya taɓa ni na ce, "Tsaya tukuna. Kana biyan inshorar kuskure?"

"Wace aba ce haka?"

Abokina ya dafa ni. "Ka gani? Wannan ba ya bin kowa komai."

Hankalina ya kwanta. Mai kemis ya zare ɗinkin likita, ya fasa kafso ya barbaɗa garin a cikin ciwon, ya ɗaure tamau kamar bakin buhu, ya ce kada in kwance sai ya neme ni. Bai neme ni ba. Yatsan ya kumbura, ya yi zugi, daga baya ma ya daina zugin, ni kuma na ɗauka sauƙi ne. Sai da matata ta ce ɗakin yana warin wurin aikina na kwance. Kan yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Na koma wa mai kemis na ɗora masa hannun a kan kanta. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Ƙaddara ce, sai haƙuri." Ya juya yana sayar wa wata mata man zafi.

Haka na koma wurin likitan da na guje wa, kaina a ƙasa. Bai yi min faɗa ba. Ya ce in ba a cire gaɓar sama ba, hannun ne zai tafi. Ya cire. Yana naɗe bandeji ya tambaye ni me ya kore ni ranar, na gaya masa gaskiya. Ya yi dariya har sai da ya cire gilashinsa ya goge ido, sannan ya ce, "Malam, ai kai ka kwashe adashin."

Kan inji kuwa ban sake komawa ba, sashen shanya fata aka mayar da ni. Abokin nawa har yau yana nan a kan bakansa, wai da na zauna da hannun gaba ɗaya likitan zai kwasa.

Abin da na koya bai da yawa, amma da yatsa na saye shi. Wanda ya ce maka yana iya kuskure har ya yi tanadi dominsa, miƙa masa hannunka ka zauna. Wanda bai ma san da maganar ba, shi za ka guje wa.