Hayaƙin Ɓawon Lemu

Shin da gaske sauro ba ya cizonsa, ko faɗa kawai yake yi don hankalina ya kwanta? Shekara da shekaru ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban san amsa ba, wanda zan tambaya kuma yana ƙasa.

Ni 'yar Tsibirin Gobir ce, aure ya kawo ni Maraɗi. Allah ya yi ni da fata marar haƙuri. Sauro ɗaya in ya cije ni sai wurin ya tashi kamar ƙosai, in na sosa ya zama gyambo, ba a jimawa zazzaɓi ya kwantar da ni. Shi kuwa maigida yana da 'yar gona a Jiratawa, inda ake ban ruwa, sauro kamar a ɗiba da hannu. Can yake yini cikin albasa da tattasai, ya dawo bisa keke, ban taɓa ganin ya sosa jikinsa ba.

"Ke Bagobira, jininki zuma ne," haka yake ce mini. "Nawa ruwan bedi ne mai ɗaci. Wanda ya ɗanɗana sai ya je ya gargaɗi 'yan'uwansa."

"To Malam, ka ɗan sam mini mana."

"Gado ne, ba a ba Gobirawa."

Saboda ni ya koyi aikin hayaƙi. In ya biyo ta tasha sai ya tsaya wurin masu feraye lemu ya kwashe ɓawon cikin hularsa, suna yi masa dariya, wai tsoho ya koma akuya. Ya shanya shi bisa rufin kwano har ya bushe ƙayau. Daga gona kuma ya zo da ɗoɗɗoya da ɗanyen ganyen bedi, wato dogon yaro. Da na sauke tuwo, kafin magariba, sai ya kwashi garwashi a kasko, ya zuba ɓawon, ya rufe da ganyen. Ba ya bari wuta ta kama, ya ce hayaƙi ake nema, ba jin ɗumi ba. Sannan ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska ta nufa, ya ajiye kaskon yadda hayaƙin zai bi ta kaina. In duk da haka an cije ni, ya jiƙa kanwa ya kwaɓa da man kaɗanya ya shafa mini, ya riƙe hannuna har ƙaiƙayin ya lafa. Namiji ne da furfurarsa, amma bai taɓa jin kunyar maƙwabta su gan shi yana wannan ba.

Sai aka shiga lokacin da jam'iyyu suka yi yawa, kowace unguwa da tutarta, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji. Darajar kuɗin sefa ta faɗi, magani ya fi ƙarfin irinmu. A daminar nan 'yarmu ta zo gida wankan jego, muka ba ta babban gidan sauronmu ita da jaririnta. Saura ɗaya, ƙarami, duk faci, mutum guda yake ɗauka. Na ce mu riƙa karɓa-karɓa.

"In shiga in yi me? In hana su abinci? Ai ba sa cina."

Ya ɗaura mini shi, ya shimfiɗa tabarmarsa daga gefe. Daminar nan kaf ban kwanta ciwo ba, jaririn ma lafiya lau. Gero ya fara nuna ke nan zazzaɓi ya kama maigida.

Muka kai shi gidan likita, muka tarar ana yajin aiki. Wata ma'aikaciya da ta zo don Allah ta duba shi, ta faɗi maganin da za a saya, ɗanmu ya samo abin da ya samu. Muka dawo gida. Ina shafa masa man kaɗanya a ƙafa, na ɗaga wandonsa, na ga tabo baƙaƙe ƙanana tun daga idon sawu har gwiwa. Na ce, "Malam, mene ne wannan?" Ya ce ƙaya ce da ruwan gona. Mai yiwuwa kuwa haka ne. Na sha kallon ƙafafun manoman Jiratawa bayan nan, wasu da irin tabon, wasu babu. Ina faɗin wannan hawaye na zubo mini, ba na kuma son a share mini su.

Ranar ƙarshe, da rana ta yi sanyi, na ɗaura masa gidan sauron, ba shi da ƙarfin gardama. Na haɗa kaskon da kaina, wuta ta kama, na kashe, na sake. Na ajiye shi daidai kansa, na zauna daga waje ina yi masa fifita. Ya buɗe ido, ya dubi hayaƙin, ya dubi hannuna da ya riga ya fara tashi.

Ya ce, "Bagobira, juya kaskon nan wajenki. Ke suke nema."