Yadda Na Saci Hoton Zumar Madam Rifkatu

Ni dai wawa ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ɓarawo mai hankali in ya ɗauki abu, sunan mai shi yake fara gogewa. Ni kuwa na saci abu da sunan mai shi a jiki, har da lambar wayarta, na ɗaga shi sama ina talla duk Kaduna na kallo. Ku yara masu waya a hannu, ku yi dariyarku, ban hana ba, amma ku daure ku kai ƙarshe.

A Unguwar Mu'azu na tashi. Aji biyu na yi a firamare, malaminmu ya ce da babana kada ya ƙara ɓata kuɗin alli. Da na girma na samu aiki a masaka, a Kakuri, na daɗe ina shaƙar ƙurar auduga. Abu biyu na fito da su daga can: wani busasshen tari mai fita sau biyu a jere, da aboki ɗaya, Yohanna, mutumin wajen Kachia. Kwano ɗaya muke ci. Da aka rufe masaka na koma tallan magani da lasifika a bakin tasha. Maganin basir, maganin sanyi, maganin abin da ma bai kama ka ba tukuna. Bakina shi ne jarina. Ina iya sa mai lafiya ya tsaya ya fara taɓa cikinsa.

Yohanna ya rasu ya bar matarsa, Madam Rifkatu, a Narayi. Nakan leƙa in gaishe ta saboda zumunci. Wata rana na tarar ta jera kwalaben zuma a kan farin ƙyalle, tana ta juya waya a kansu.

Na ce, "Madam, zumar ce za ta yi fasfo?"

Ta yi dariya ta ce, "Baba, zauna ka ga kasuwar zamani."

Daga ƙauyensu ake kawo mata zuma da citta da acca. Sai ta ɗauki hoto ta sa a shafinta na intanet, mutum ya gani daga ɗakinsa ya yi oda, ya turo kuɗi, ita kuma ta ba ɗan acaɓa ya kai masa. Ba rumfa, ba haya. Ta ce mini, "A wannan kasuwar ba a taɓa kaya, ba a ɗanɗana. Sunanka kawai ake saya."

Ita muryarta ƙarama ce, kuma tana son kwastomomi daga cikin Hausawa. Sai ta roƙe ni in yi mata talla ta saƙon murya. Na gyara zama na saki baki. Kafin sati ya zagayo oda ta yi mata yawa, har daga unguwannin Hausawa na tsallaken gada ake kira. Takan sallame ni da ɗan abin shan shayi da kwalba guda. Wallahi da na tsaya a nan, da yau ina cikin mutane.

Akwai wani abu da take yi. Duk wanda ya ji daɗin kaya, sai ta roƙe shi ya turo muryarsa yana yabawa, ta sa a shafi don sababbin masu saye su samu natsuwa. Na ce mata, "Madam, me ya kai ki jiran mutane? Ni kaɗai zan yi miki muryar mutum goma." Nan take na yi mata muryar tsohuwa mara haƙori, na yi ta Alhaji mai ƙoshi. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "A'a, Baba. Ba na so."

Ita ta ce ba ta so. Ni kuwa na tafi gida da abin a raina.

Na samu wani mai gyaran waya a unguwarmu ya buɗe mini shafi, ya nuna mini yadda ake kwafo hoto da yadda ake toshe mutum in ya dame ka. Na kwaso hotunan Madam kaf na zuba a nawa. A tsakiyar kowane hoto akwai wani farin rubutu siriri, a karkace. Ni na ɗauka ado ne, irin zanen da ake yi wa gefen faranti. Ban tambayi kowa ba, don kada a gane ban iya karatu ba. Duk wanda ya turo mini rubutu sai in ce, "Ranka ya daɗe, yi mini murya, ina kan hanya."

Da farko ina aika kaya. Kwalba ɗaya ta gaskiya, in dafa sukari ya yi ja, in mayar da ita uku. Na ce a raina ai ba guba na ba kowa ba. Sannan na cika shafin da masu yabo, kuma duk ni ne. Ni ne Hajiyar da tarinta ya warke, ni ne matar soja mai Turancin barikin da ke rantsuwa ba ta taɓa shan irinta ba. Kuɗi kuma ta wurin wani mai POS nake sa a turo, in je in karɓa. Daga baya na ga dafa sukarin ma wahala ce, ga tsadar gawayi. Sai na daina aikawa gaba ɗaya. In mutum ya fara ihu, in toshe shi, in sha shayina.

Ana haka wata mata ta kira daga Trikania, tsohuwar nas ce, mutuniyar Binuwai. Za ta aurar da ɗanta, tana son ƙananan kwalabe masu yawa da za a raba wa baƙi. Na tura mata saƙo da muryar Alhaji mai ƙoshi, na ce ni ne manajan kamfanin. Ta turo kuɗin duka. Na cire layin da na saya don cinikin na jefa a kwata.

Ita nas ɗin ta iya karatu. Ta buɗe hoton, ta karanta farin rubutun nan, ga suna ga lamba. Ta yi cigiya a intanet, sai ga waɗanda na toshe suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ranar wata Talata suka haɗu suka dira a Narayi.

A teburin mai shayi na ga bidiyon. Wani ya miƙo mini waya yana cewa, "Baba, kalli ɓarauniyar zuma, an kama ta." Na ga Madam Rifkatu a ƙofar gidanta, ɗankwali ya faɗi, an rataya mata kwalba a wuya, mata suna ihu a kanta, wani na tura mata waya a fuska. Tana ta cewa, "Ba ni ba ce, ku duba littafina," ba mai saurare. Na ajiye burodin da nake ci. Na tambayi mutumin yadda aka yi suka gano ta. Ya ce, "Ai wawuyar ta rubuta sunanta a kan hoton." A ranar na san mene ne adon nan.

Kwana uku tana caji ofis. Kwana ukun nan ban ci abin kirki ba. Na haɗa kaya a buhu zan gudu, na je tasha na rasa garin da zan ce a kai ni, na dawo. In na ji babur ya tsaya a waje sai in leƙa ta ramin ƙofa. Na ɗaga hannu zan yi addu'a na rasa me zan roƙa, don in Allah Ya fitar da ita, ni zan shiga. Na ce gobe zan je in faɗi gaskiya. Goben ta zo na ce jibi.

Rana ta uku ta kira ni da wayar wani ɗan sanda. Ta ce, "Baba, sun ce sai namiji mai adireshi ya tsaya mini. Ba ni da kowa a garin nan sai abokin Yohanna. Ka zo."

In na ƙi zuwa, an gane ni. In na je na buɗe baki, an gane ni. Sai dabarar wawaye ta zo mini. Na cusa goro a kumatu, na naɗe haɓata da tsohon rawani, na tafi a matsayin mai ciwon haƙori. Duk abin da aka tambaye ni sai in nuna baki in yi nishi. Wani sajan da ke kan kanta ya ce, "Wannan shi ma ai beli yake nema daga haƙorinsa."

Aka fito da Madam. Ta rame, idonta ya faɗa. Ta dubi rawanin nan ta ce, "Sannu, Baba. Yaushe ya kama ka?" Na ɗaga yatsu uku.

Nas ɗin tana zaune a benci. Ta ce ba ta yarda a ba da beli ba sai an kawo manajan, ta kunna muryar don kowa ya ji. Sai ga Alhaji mai ƙoshi ya cika ɗakin: "Hajiya, zumar nan ko ƙudan da ya yi ta sai ya saya." Yana gama faɗa sai ya yi tari, sau biyu a jere.

Na iya canza murya, amma ban taɓa tunanin tarin ba. Na danne numfashi. Na haɗiye yawu, na haɗiye goron ma. Ƙirjina ya cika kamar zai tsage, hawaye na zuba, ina roƙon Allah Ya ba ni minti ɗaya kacal. Bai ba ni ba. Ya fito, sau biyu a jere.

Nas ɗin ta sake kunnawa, ta dube ni. Sajan ya zo ya warware rawanin a hankali ya ce, "Baba, haƙorin ya warke?"

Madam ba ta yi mamaki ba. Tun ranar farko da aka kunna mata muryar ta gane tarin, shekara nawa tana jin sa a tsakar gidanta. Ta yi shiru ne tana jira ko zan zo da ƙafata in faɗa.

Alƙali ya ba ni shekara biyu. Ba zan ba ku labarin gidan yari ba, ku dai roƙi Allah kada ku san warin bokitin can. Abu ɗaya na samu, wani malamin makaranta da ke tsare ya koya mana karatu. Da hannuna na rubuta wannan, in kun ga ya karkace ku yi haƙuri.

Na fito, na tuba, ina kuma roƙon Allah Ya karɓa. Yanzu gadin wani gareji nake yi. Ku masu sayar da kaya a waya, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Kada ku sa hoton kayan da ba naku ba. Kada ku ƙirƙiri mai yabo, ko guda ɗaya, don daga nan nawa ya fara. In kaya sun ƙare ku ce sun ƙare. Wanda ke bayan gilashin wayar nan mutum ne, yana da biki a gabansa ko mara lafiya a gida. Kuma kada ku tura bidiyon wanda aka ce ɓarawo ne don kawai kowa na turawa.

Sai da na yi wata biyu da fitowa kafin na iya taka Narayi. Na same ta a bakin titi tana gasa masara. Babu zuma, babu shafi. Na durƙusa a gaban mutane na ce, "Madam, ki yafe mini don Allah."

Ta ce, "Tashi, Baba, kada ka tara mini jama'a. Na yafe tun kana ciki."

Na ce to ta koma sana'arta mana, ai kotu ta wanke ta. Ta ce ta gwada har sau biyu. Duk ranar da ta sa hoton zuma, kafin yamma wani ya manna bidiyon nan a ƙasa. Takardar kotu tana cikin akwati, ba wanda ya taɓa tura ta ko'ina. Ko a coci, in baƙuwa ta zauna kusa da ita sai ta ga ta janye jaka.

Ta juya masarar, ta zaɓi mai laushi ta miƙo mini saboda haƙorana. Sannan ta ce, "Kai ka yi shekara biyu an buɗe maka ƙofa. Ni wa zan je wurinsa ya buɗe mini?"