Gilashin da Ya Narkar da Kayan Ɗakin Yayata

Kyamarar da na fara riƙewa ta zo da lensinta, wato gilashin gaba, irin wanda kamfani ke maƙala wa kowace kyamara don kada a ce an sayar da ita makauniya. Ya yi mini aiki, ban ce bai yi ba. Ya ɗauki bikin suna, ya ɗauki saukar karatu, ya ɗauki 'yan ƙwallon layinmu ranar da aka lallasa su suka ce a ɗauka hakanan. Aibinsa ɗaya, ba ya zaɓe. In ka ɗauki mutum sai ya haɗo maka da bokitin da ke bayansa, da igiyar shanya, da akuyar maƙwabta, kowa ya fito fes. Ni kuwa na fara leƙa tsofaffin mujallun da ake shimfiɗawa a bakin titi, ina ganin hotunan da fuska ke fitowa tar, bayanta ya narke. Sai na ji na fi ƙarfin gilashina.

Bayan gobarar babbar kasuwa ne, lokacin da 'yan kasuwa suka bazu a titunan unguwar Taminus, kowa ya kafa inda ƙafarsa ta samu. A wani lungu akwai wani mutumin unguwar Kabong mai sayar da kayan hoto na hannu. Ya ɗauko mini gilashi biyu. Ɗaya dogo ne kamar taɓarya.

"Oga, wannan na manya ne," in ji shi. "Kana tsaya a nan, kana kama mutum a can Bukuru. Kana rataya shi a wuya, polis ma zai gaishe ka."

Na rataya, na kalli kaina a madubin shagon, na ga lallai na yi kama da wanda gwamnati ta aiko. Amma da na ce bari in gwada ɗaukar mai shagon tun daga kai har ƙafa, sai da na yi ta ja da baya har na tsinci kaina a tsakiyar titi, wani ɗan acaba ya kauce mini da ƙyar, ya bar mini zagin da ya haɗa har da kakannina.

Na biyun ɗan guntu ne, ana ce masa fifti. Ba ya jawo nesa, ba ya tura kusa.

"Wannan babu zum," in ji mai shagon. "Ƙafa naka ne zum."

Na ɗora shi, na buɗe idonsa gaba ɗaya, na leƙa. Ga fuskar mutumin nan har da furfurar gemunsa ɗaya bayan ɗaya, duk hayaniyar Taminus da ke bayansa ta zama launi kawai. A nan zuciyata ta tsaya, shi na saya. Abokaina sun yi mini dariya son ransu, wai kowa in ya ci gaba gilashinsa tsawo yake ƙarawa, ni nawa ya koma ciki. Ban kula su ba, ina jiran ranar da zan rufe musu baki.

Ranar ta zo da bikin yayata. Ita ce 'yar fari a wurin mahaifiyarmu, don haka Mama ba ta kiran sunanta, ba ta zama hira da ita, in za ta yi maganarta sai ta ce "yarinyar nan". Amma tun yarinyar nan tana firamare Mama ke tara mata kayan ɗaki. Ƙarƙashin gadon Mama ba a shara sai an yi taron dangi: tangaran a kwali, samira, kuloli, kofunan da ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Mun girma muna cin tuwo a kwanon roba, alhali muna kwana kusa da farantai masu bakin zinariya.

Kuma a al'adarmu uwa ba ta zuwa jere. Gwaggonni da ƙannenta ne za su kwashi kayan zuwa Daɗin Kowa, inda ango ya kama haya, su jera, su dawo su ba ta labari. Kunya ba za ta bar ta ta taka gidan ba sai an daɗe. Abin da ta yi shekaru tana tarawa, a hoto kaɗai za ta gan shi a jere.

"Ka ɗauko mini ɗakin nan kaf," ta ce da ni. "Kada ka bar ko cokali."

Na ce an gama. Tsohon gilashin na bar shi a gida da gangan, don kada ya ja mini raini.

Da na isa, gwaggonni sun cika ɗakin da kaya har ba wurin da mutum zai juya. Ƙafar da aka ce ita ce zum ba ta da inda za ta je, bayana na jingine da ƙofa. In na saita kabet, rabinsa nake samu. Ana cikin haka hasken taga ya sauka a kan yayata, tana zaune a bakin gado, ta gama kuka, ta ɗan yaye mayafi don ta sha iska. Na manta da cokali, na manta da Mama. Na ƙarar da fim ɗina a kanta.

Da aka wanko hotunan har rawa na taka a gaban mai wankin. Har gobe ina nan a kan bakana, ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan waɗannan ba.

Na tarar da tsakar gidanmu cike da mata 'yan taya murna. Mama ta goge hannu, ta saka tabarau, ta karɓa. Ta duba na farko, ta duba na biyu. Ta cire tabarau ta goge shi da bakin zane, ta mayar.

"Ina kabet ɗin?"

"Ga shi nan a baya, Mama."

"Wannan hayaƙin?"

"Salo ne. Haka manyan masu hoto suke yi, don fuska ta fito."

"Fuska? Fuskar nan tun da aka haife ta nake ganinta kyauta. Ita na aike ka ka ɗauko?"

Wata gwaggo ta karɓi ɗaya ta juya shi sama da ƙasa, ta rantse ita ta jera kulolin nan da hannunta, kuma lokacin da ta baro su lafiyarsu ƙalau. Aka yi ta dariya, ni ma ina shirin yi, sai wata maƙwabciya ta ce, da muryar da ake yi don a ji:

"Ai ya kyauta. Wani lokaci in abu bai fito sosai ba ya fi rufin asiri."

Mama ta miƙe. Ta tattara hotunan ta shige ɗaki. Na ji kunya, na ji haushin matar nan, amma tausayin Mama ya fi su duka yawa.

Washegari na kakkaɓe tsohon gilashin na hau acaba zuwa Daɗin Kowa. Ango ya buɗe mini ƙofa yana mamakin surukin da ya yi sammakon gaida kwanuka. Na hau kujera, na durƙusa, na kwanta a kafet. Tsohon gilashin bai riƙe ni a zuci ba. Ya ɗauko kabet da duk abin da ke cikinsa, da gado, da labule, da agogon bango, har da silifas ɗin ango da ba wanda ya gayyata.

Wannan karon, da aka wanko su washegari, Mama da kanta ta aika a kira maƙwabciyar. Ta bi da ita faranti bayan faranti da yatsa, tana faɗin shekarar da ta sayi kowanne, har matar ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Da kowa ya watse ta kira ni ɗaki. Tana ninke zannuwa, ba ta ɗago ta dube ni ba. Ta turo mini hoto ɗaya daga cikin na farkon, wanda yayata ta ɗago ido.

"Wannan da ka ɓata. A ƙara masa girma, a saka shi a gilas."

"Ai ba a ganin kaya a ciki, Mama."

"Na ga kaya," ta ce. Ta ɗauki wani zanen ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. "Da ka je jiya, tana cin abinci kuwa?"